Ciyawar Kabarin Gidan Gu

Tun ranar da takardar ta iso, Pyo Chunbok ya daina jin ɗanɗanon abinci. Ya karanta ta a motar ma'aikata, ya karanta a gindin injin matse roba, har ta fara yagewa ta wajen ninki. Ofishin shige da fice ya hana 'yarsa Hyangran izinin zuwa ta zauna da shi a Ansan, a Koriya ta Kudu. Yarinyar tana can Yanji, a China, hannun kakarta da tsufa ya fara kayarwa.

Dalilin ma abin haushi ne. Takardun China sun ce an haifi mahaifin Chunbok a wata na tara, tsohuwar rajistar Koriya ta ce a wata na takwas, saboda haka ofis ya ce bai gamsu mutum ɗaya ba ne, balle ya yarda yarinyar jikar ɗan ƙasa ce. Kowace tsohuwa a kasuwa ta san ɗaya lissafin rana ne, ɗaya na wata, amma ofis hujja yake so a rubuce. Hujjar tana cikin littafin zuriyar Pyo, littafin kuma yana hannun Baffa Deokman, ƙanen mahaifinsa, a ƙauye. Saura kwana tara wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika.

Ranar Asabar ya nemi hutu, ya ɗauki kwalin tuffa ya shiga mota. Ya tarar da tsohon a baranda yana shanya barkono. Ya durƙusa ya kai goshi ƙasa.

"Baffa, na same ku lafiya?"

"Wa nake gani kamar mutumin China?" in ji tsohon, bai ko ɗago ba. "Okbun, fito ki ga baƙo. Shekara huɗu yana ƙasar nan, yau ya gane hanya."

"Baffa, aiki ne. Har Asabar muke yi." Ya zayyana masa maganar 'yarsa da littafin da ya zo nema.

"Kakanka ma aiki yake yi a cikin kabari, shi ya sa bai lura ba ka taɓa zuwa yanke masa ciyawa ba. Littafi kake so? Littafin na masu lauje ne."

Ya tattara barkononsa ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Inna Okbun, matar Baffa, ta zuba wa Chunbok shinkafa da miyar kabeji, ta zauna tana kallon yadda yake juya cokali.

"Ci mana, ɗan nan, kada ka faɗi mini a tsakar gida. Bakinsa ne kawai. Bikin girbi da ake gyara kaburbura kafinsa saura sati biyu, gwiwarsa kuma ta hana shi hawa tudu, abin da ke cin sa ke nan. Ga lauje can a rataye. Ka bi ta bayan rafi, in ka kai babban dutse, kabarin da ke hagu shi ne na kakanku."

Da gari ya waye Chunbok ya saɓi lauje da kwalbar giyar shinkafa. Bayan rafin ya ga caɓi, kuma takalminsa na zuwa ofis ne a ƙafarsa, sai ya zagaya ta gonar wake ya ɓullo wa dutsen ta ɗaya gefen. Ya dubi hagunsa, ga tudun kabari ciyawa ta rufe shi har ƙirji, allon dutsen gansakuka ta cinye rubutunsa. Tausayi ya kama shi.

Ya yi yanka har rana ta take. Ya tuge sarƙaƙiya, ya gyara zagayen tudun ya fito sumul kamar kan jariri. Kudan zuma ya harbe shi a kunne, bai kula ba. Ya zuba giya, ya kai goshi ƙasa sau biyu, ya zauna ya ba kakan labarin Hyangran kaf, har da yadda take cin lissafi a makaranta.

Ya dawo gida hannu duk kanta, kunne a kumbure. Bai gama wanke ƙafa ba sai ga tsoho Gu, maƙwabcin Baffa kuma abokin hamayyarsa a wasan dara shekara hamsin, ya shigo da kwandon gyaɗa yana dariya har da riƙe ciki.

"Deokman! Fito in yi maka godiya! Ashe haka kake ƙaunata? 'Ya'yana na birni sun ce sai sati mai zuwa, sai ga shi ka aiko mini ɗanka. Har giya ya ba ubana!"

Baffa ya fito da takalmi ƙafa ɗaya.

"Uban wa?"

"Nawa mana. Naka yana can cikin ciyawa, ko kurege ba zai gane shi ba."

Chunbok ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Inna Okbun ta toshe baki da gefen riga, kafaɗunta suna rawa.

"Kai!" Baffa ya nuna shi da sanda. "Ka durƙusa wa mutanen Gu? Mutanen da kakansu ke bin kakanmu da jaka? Kai ko ka san ɗan wane ne kai?"

"Baffa, Inna ce ta ce hagu..."

"Hagu in ka bi ta rafi, sakarai!" in ji Inna, dariyar ta ƙwace mata.

Tsohon ya faɗa ɗaki, aka ji ƙarar akwati. Ya fito da littafi naɗe cikin shuɗin ƙyalle, ya baje shi a baranda, ya fizgo Chunbok ta kunnen mai lafiya.

"Duba nan! Wannan kakanka. Wannan ni. Wannan ubanka, wanda aka tafi da shi ƙetaren kogi zuwa China yana ɗan shekara bakwai, ina goye aka raba mu. Ga ranar haihuwarsa, wata na takwas, lissafin wata, da hannun kakanka aka rubuta."

Ƙarƙashin sunan wan nasa babu komai, fili ne fari. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Yarinyar, yaya sunanta?"

"Hyangran, Baffa."

"Okbun, miƙo mini alkalami. In na bar su haka, baɗi gidan Gu za su rubuta su a nasu."

"Da hannu biyu za mu karɓa," in ji tsoho Gu, yana ɓare gyaɗar da ya kawo. "Yaron ya iya lauje."

Chunbok ya miƙa hannu zai ɗauki littafin, Baffa ya doke hannun.

"Mutumin da ya ɓatar da kakansa a kan tudu ɗaya zan ba littafi ya shiga birni da shi? Ni zan kai da kaina."

Ranar Laraba kuwa ya sa hularsa ta zuwa biki, ya zauna gaban ma'aikaciyar ofis ya karanta mata zuriyar Pyo tun daga kaka na goma sha ɗaya. Ta yi ta cewa shafi ɗaya take buƙata, bai saurara ba sai da ya kai ƙarshe. Chunbok yana gefe yana share gumi.

Amsa ta fito bayan wata biyu, an amince. Da Chunbok ya buga waya ƙauye, bai gama magana ba Baffa ya katse shi.

"In ta sauka ka kawo mini ita nan. Ni zan hau da ita tudun, ko da rarrafe ne. Kai kuwa ka tsaya a gida ka taya Innarka tsinke barkono."