Wayar Musbahu

Tun ranar da aka kai Musbahu makwancinsa, kwamfutar gidan ta daina hawa intanet. Matarsa Rakiya ta kashe ta kunna, ta zare filogi ta mayar, duk a banza. Sai da maƙwabciyarta Aina'u ta duba ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Wayar maigidanki take nema, da ita ta saba haɗuwa."

Nan Rakiya ta tuna. Kullum in ya taso daga kamfanin fata na Challawa, tun kafin ya yi sallama kwamfutar ke kamawa, saƙonni su fara shigowa, ita kuma ta miƙe ta zuba masa abinci.

Wata Laraba da la'asar, tana cikin takaba, sai ta ji ƙarar saƙo. Ga sunan Musbahu a gefen allon, alamar kwamfutar ta haɗu da wayarsa. Ba ta san lokacin da ta ɗauko kwanonsa ba.

Aka yi sallama. Lawal ne, ƙanensa, wanda wayar ta faɗo a rabonsa na gado.

"Matar Yaya, ya ƙarin haƙuri?"

Ta daɗe tana kallon kwanon da ke hannunta.

"Lawal, don Allah, in za ka zo gidan nan, ka riƙa kashe wayar tun daga bakin titi."