Turmin Inna na Hagu

Ranar Asabar da hantsi Sufeto ya haska bakin mahaifiyarsa da fitilar waya, bai ga komai ba.

Shi ba ɗan sanda ba ne. Aikinsa duba walda a kamfanin da ke ƙera tankokin ruwa, shekara goma sha tara ke nan. Tun kafin ya sami aikin 'yan gidansu ke kiransa Sufeto, don ko ƙwai aka aike shi saye sai ya ɗaga kowanne ya duba a rana. A wurin aiki ƙa'idarsa ɗaya ce: duk inda aka ce an yi gyara, sai ido ya ga wurin.

Gyaran da ya zo dubawa na haƙori ne. Mako uku da suka wuce turmin Inna na hagu, na ƙasa, ya yi kogo, ta daina tauna da shi, ta riƙa yini dafe da kunci. Inna tana zaune wurin Auta, ƙanwarsa, tun da mantuwa ta fara kama ta shekara biyu baya. Auta tela ce, shago a gaba, ɗakuna biyu a baya. A waya ta ce masa ta kai Inna asibitin haƙori an cike kogon, ta kashe waya kafin ya ƙara tambaya.

Sufeto ya san ciko. Akwai huɗu a bakinsa, baƙaƙe kamar dalma, kowa ya gan su in ya yi hamma. A bakin Inna kuwa haƙori ne kawai, fari da ya soma jirkicewa zuwa rawaya kamar na kusa da shi. Ya sauya hannu ya sake haskawa. Babu baƙi, babu ƙyalli.

Ya tambaye ta ko an kai ta wurin likita. Ta ce ba wanda ya kai ta ko'ina, sannan ta tambaye shi ko ya karya. Ya san maganar Inna ba abin kafa hujja ba ce yanzu. Ya taɓa jin ta rantse ba ta yi wanka ba alhali gashinta na ɗigar ruwa. Amma da aka kawo shayi da burodi ya ga ta karkatar da kai dama tana tauna, ɓangaren hagu ko kusa.

Ya fita shago. Auta na tsaye bakin teburin yanka, a bayanta tulin yadin kayan makaranta ya kusa kai taga. Ba ta ɗago ba ta ce masa farin ciko ake yi yanzu, kalar haƙori ne, ba a ganinsa. Ya nemi takardar asibiti, ta ce ba su ba da takarda, komai a kwamfuta yake. Ya tambayi ranar da suka je. Ta ɗan tsaya da almakashi a buɗe, ta ce Talata, ko kuwa Laraba ce ma.

Wannan tsayawar ya riƙe.

"Ciko kuma a ce ba a gani?" in ji shi.

"To ka je ka kamo likitar mana, Sufeto. Ni ina da riga tamanin da makaranta ke jira."

Ya koma ɗakin Inna da wani ido daban. Farcenta ya yi tsawo. Labulen ɗakin ya fita daga ƙugiya biyu. A kwandon shara akwai kwalin maganin ciwo, fanko. Duk ƙananan abubuwa ne, amma a aikinsa daga ƙanana ake gane tankin da zai yi yoyo. Ya yi lissafin mace ɗaya, riga tamanin da tsohuwar da ba a barinta ita kaɗai, bai ga inda awa uku na layin asibiti za su shiga ba.

Daga cikin mota ya kira Kawu, ƙanen Inna, wanda in ya yi magana a kan 'yar'uwarsa ba mai ɗorawa. Ya ce masa zargi ne kawai, bai tabbatar ba, amma ya duba da idonsa babu ciko. Kawu ya ce dama shi ya daɗe yana faɗa, mai shago ba ta jinya. Ya ce Sufeto ya gyara ɗaki a gidansa, sauran ya bar masa. Da yamma Sufeto ya sa matarsa ta fara kwashe littattafan yara daga ƙaramin ɗaki.

Litinin ya ɗauki rabin yini daga aiki. Ya ce wa Auta zai kai Inna ta ga jikoki. Ta dube shi, ta dubi agogon bango, lokacin da duk yaro yake aji, ta ɗauko wa Inna takalmi.

Asibitin a hawa na biyu yake, sama da wani kantin magani. Kujeru shida ne a ɗakin jira, da fanka, da hoton haƙori mai ƙafafu yana riƙe da buroshi. Sufeto ya yi niyyar kada ya faɗi suna, ya ga ko za a gane ta. Bai kai ga teburin ba matar da ke karɓar baƙi ta miƙe ta gaida Inna, ta tambayi ina 'yarta mai ɗinki. Ya ce tana aiki. A ransa ya ce gane fuska ba ciko ba ne. Ana iya zuwa sau ɗaya a karɓi ƙwaya a koma.

Likitar ba ta kai Auta shekaru ba, siririya mai tabarau. Ya gaya mata abin da ya kawo shi ba kwana-kwana: an ce an cike haƙorin mahaifiyarsa, shi bai ga ciko ba, kuma har yau ba ta tauna da shi. Ba ta nuna ta ji haushi ba. Ta juyo masa da kwamfuta, ga hoton haƙorin da inuwar kogo, ga wani bayan an cike. Ya ce hoto ba ya ɗauke da fuskar mai haƙori. Ta ce haka ne, ya bari ta nuna masa a bakin.

A nan aka tsaya. Inna ta hau kujera ba gardama, amma da aka kwantar da ita aka jawo fitila sai ta datse baki, ta riƙe hannun kujera da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Ya lallashe ta, ya kira ta da duk sunan da ya sani. Ta kalle shi kamar baƙo.

Nas ɗin, wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa, ta ce a kira 'yar kawai, ita ta san kanta. Ta ba shi labari tana jera kayan aiki. Sau uku suka zo. Farin ciko ba ya shiri da yawu, sai wurin ya bushe ƙamas kafin ya kama, ita kuwa Inna da an sa auduga sai ta tofar. Ranar farko da ta biyu haka aka tashi ba a yi komai ba. A ta uku 'yar ta zo da awon tela da wani ƙyalle, ta yafa wa Inna a ƙirji, ta ce mata gwajin riga ake yi, akwai allurai a jiki, kada ta motsa. Tsohuwar tela ce ashe, in ji nas ɗin, ta manta sunan kowa amma ba ta manta allura ba. Minti arba'in ta yi kamar an dasa ta, 'yar na tsugune tana auna kafaɗa tana sake aunawa, har aka gama aka haska shuɗiyar fitilar da ke busar da cikon.

Sufeto ya laluba aljihu. Awon da ke tare da shi na ƙarfe ne, na aiki. Nas ta ba shi tawul. Ya yafa wa Inna, ya ja awon daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ya faɗi abin da aka ce masa ya faɗa, muryarsa na fita kamar mai karanta sanarwa.

"Wannan telan hannunsa sanyi," in ji Inna. Amma ta saki kujerar, kuma da nas ta taɓa haɓarta ta buɗe baki.

Likita ta hura wa haƙorin iska har ya bushe, ta miƙa masa ƙaramin madubi, ta bi gefen da tsinken ƙarfe. Sai ga shi. Wani siririn layi ya zagaye tsakiyar turmin, cikinsa ya ɗan fi gefen dushewa. Ya san irin wannan layin, haka walda take in an goge ta an shafe. Aiki ne mai kyau, ya nemi inda zai kushe bai samu ba.

Likitar ta sa Inna ta ciji wata siririyar takarda mai shuni, ɗigo ɗaya ya fito a kan cikon. Ta ce ya ɗan yi tudu, shi ke fara haɗuwa da na sama, shi ya sa take gudun wurin. Mai lafiya da ya dawo washegari ya faɗa. Inna ba ta iya faɗa ba. Cikin minti biyu ta goge tudun.

Bai bar ta haka ba. Ya tambayi dalilin da ba a sa irin nasa ba, wanda mutum zai gani ya san an yi masa aiki. Ta ce kusan rabin wancan zaiba ce, wani ƙarfe mai guba, asibitin ya daina sayensa, ko wanda suka cire daga bakin mutane a kwalba mai murfi suke tarawa, ba ya shiga shara ko magudana. Ya shafa kuncinsa ya tambayi nasa huɗun. Ta ce in ba su tsage ba ya bar su inda suke. Ya tambaya ko farin zai kai su daɗewa. Ta ce a babban kogo ba lalle ba ne, shi ya sa take son ganin Inna bayan wata shida. Ya so a ce ta yi masa alkawarin da zai riƙe ta da shi, ba ta yi ba.

A wurin ajiye motoci, Inna na kujerar baya tana naɗe gefen mayafinta, ya kira Kawu ya ce an yi cikon, ya gani.

"Shekaranjiya ka ce ka haska ba ka ga komai ba."

"Fari ne, Kawu. Sai an busar ake gani."

"Sai an busar." Kawu ya yi 'yar dariya. "Su suka busar, su suka nuna maka, su suka ce ka gani. Kai da ake cewa ba a yi maka wayo."

Sufeto ya yi bayanin hoto, da layi, da zuwa uku. Kawu ya ce ko ma an yi, me ya sa 'yar'uwarsa ta ƙara mako biyu tana cin abinci da gefe ɗaya ba wanda ya lura? Ya ce ya riga ya yi magana da Gwaggo da sauran dangi, kowa ya yarda Inna ta koma gidan babban ɗanta. Magana ta fita, ba ya mayar da ita.

Da suka isa, ƙofar shago a rufe take rabi, abin da bai taɓa gani ba da rana. Jakar Inna na bakin ƙofa, da bargonta a naɗe, da bokitin wankanta da kujerar roba a ciki. Auta na zaune gaban keke, ba ta ɗinki.

Ta ce Gwaggo ta kira, bayanta mutum uku. Ta ɗauki kiran farko a lasifika saboda hannunta na kan yadi, shugabar makarantar da ta ba ta aikin tana tsaye a wurin, ta ji ana tambayarta ko da gaske ta bar uwarta da ruɓaɓɓen haƙori.

Sufeto ya ce ya je asibitin. Ya ce ya ga aikin, an gaya masa yadda aka yi, kuskure nasa ne, kuma zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara. Ya ce a mayar da jakar ciki.

"Na ji," in ji Auta.

Sai ta shiga yi masa bayani, da muryar da take gaya wa mai kaya ranar karɓa. Inna ba ta cin abinci in ana kallonta, a ajiye mata a fita. Farar ƙwaya da safe, rabin ja da yamma, a murƙushe a shayi. Ba ta yarda a yanke mata farce sai tana barci. In ta ce za ta tafi gida kada a ce mata nan ne gida, a ce mota na zuwa.

"Auta, na ce ki bar ta a nan."

"A'a, Yaya. Ku riƙe ta. Kowa ya san hanyar gidanka, sai su riƙa zuwa suna dubawa."

Ya ɗauki jakar ya shigar ciki. Ta bi bayansa ta ɗauko, ta kai har bayan mota ta ajiye, ta koma ta kawo bokitin.

Ana cikin haka Inna ta buɗe ƙofar mota da kanta ta fito. Ta ratsa shago ba ta dubi kowa ba, ta nufi ɗakinta, kamar yadda ƙafarta ta saba. Auta ta cim mata a bakin labule. Ta dafa kafaɗunta biyu a hankali, ta juyo da ita, ta ce mota ta zo.