Kunamar Bindigar Torleiv

"A hankali, Borghild! Ba gindin tukunya kike kankarewa ba."

"Ka yi mini shiru, tsoho," in ji Borghild, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Shekara arba'in ina gyaran agogo, kai ne za ka koya mini a hankali?"

Tsohuwar bindigar maƙwabcinta Torleiv na kwance a wargaje kan teburin kicin. Borghild ta riƙe ɗan ƙarfen kunamar tana goga shi a dutsen washi, shafa biyu ta tsaya ta duba. Shi kuwa yana kujera lulluɓe da bargo, robar iska a hanci. Jiki ya tafi, amma bakin nan yana nan daram.

Tun farautar bara abin ke cin ransa. Ya auna barewa a gefen dutse, kunamar ta cije, ya fizga, harsashin ya same ta a ciki. Kwana biyu maharban ƙauyen na bin jini da karnuka, ba su gan ta ba. Babu wanda ya ce masa uffan, shirun nan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Yanzu likita ya gama magana, kwanansa sun kusa ƙarewa. Jikarsa Ingunn ce za ta gaji wurin tsayuwarsa na farauta a daji da wannan bindigar, ga shi saura mako uku a buɗe farauta.

"Ba zan bar wa yarinyar nan abin kunya ba," haka yake faɗa kullum.

Kowace safiya Borghild za ta tsallako shinge, ta dafa kofi, ta goga, ta haɗa bindigar, ta nuna masa babu harsashi a ciki, sannan ta ɗora masa a cinya. Sai ya rufe ido ya ja.

"Da saura. Kamar yashi a ciki."

A rana ta huɗu ta ja da kanta, ta ji santsi kamar man shanu. Ita kuwa ta san ƙarfe. In ta ƙara ko shafa ɗaya, bindigar na iya tashi da kanta a hannun yarinya.

"Na gama, Torleiv."

"Ina jin cijewar, na ce miki."

"A yatsanka take."

Maganar na fita ta yi da-na-sani. Ya ɗaga yatsan ya zuba masa ido, yana rawa shi kaɗai.

"Har bara ma?" ya tambaya, murya can ƙasa.

Ta yi tunanin ta lallashe shi da ƙarya, sai ta ga gaskiyar ma ta isa. "Bara bindigar ce. Da idona na ga tsatsar, da hannuna na cire ta. Yau dai kai ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Muguwar mata. Kira mini Ingunn."

Ranar Asabar yarinyar ta zo daga gari. Ta saita bakin bindigar ga tulin itacen wuta ta taga, ta ja.

"Kai, Kaka! Ban ma ji lokacin da ta saki ba."

"Haka ake so," in ji shi. Ya dubi Borghild. "Ba laifi, ga mai gyaran agogo."

Ranar Talata da la'asar Borghild ta shigo masa da miyar kifi, ta same shi a kujerar, kansa ya karkata gefe, rai ya yi halinsa. Ta ajiye kwanon, ta gyara masa bargon, ta zauna ta yi kuka mai isarta. Shekara talatin suna faɗa ta kan shinge, ba ta taɓa zaton za ta yi kewarsa haka ba.

Safiyar da aka buɗe farauta tana shanya a bayan gida, sai ƙarar bindiga ta sauko daga dutsen, daidai wajen tsayuwar Torleiv da Ingunn ta gada. Ta tsaya cak da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Duk ɗan ƙauyen ya san harbi na biyu na nufin na farko bai gama aiki ba. Ta jira, ruwa na ɗiga a takalminta, har amon ya mutu a kwarin.

Na biyun bai zo ba. Ta yarfe rigar, ta rataya a igiya.