Takardar da Adawiyya Ta Sa wa Hannu

Kaltumi ba ta yi kuka ba ranar da aka kai Adawiyya makwancinta. Mata sun cika gidan, wasu na salati, wasu na satar kallonta suna jiran ta fashe, ita kuwa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da hannuwa a cinya. Ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Gidansu tsohon gidan fatake ne a Garwa. Kakansu ya zo daga Kano da fatauci, ya ga kogin Binuwai, ya zauna. Kaltumi ta gaji rumfar atamfa a babbar kasuwa, Adawiyya kuma ta auri Shu'aibu mai sayar da kayan babur. Adawiyya da mijinta suna ɗauke da sikila a jini, ba ta taɓa kwantar da su ba, sai a 'ya'yansu ta fito. Biyu Adawiyya ta haifa, biyun duk suka koma kafin su kai shekara biyar.

Ana cikin haka Dokta Sharif ya dawo daga karatu a ƙasar waje. Ɗan Hajjo ne, maƙwabciyarsu, a gaban idon Kaltumi ya girma. Ya buɗe asibiti a hanyar kogi, ya ce wa Adawiyya yanzu ilimi ya kai inda ake gyara iri tun kafin ya zama ciki. Za a ciri ƙwan haihuwa daga jikinta, a haɗa da na mijinta, a goge cutar, sannan a mayar mata. Ɗan da za ta haifa ba zai san sikila ba, haka 'ya'yansa da jikokinsa.

"Yaya, ko sau ɗaya in ga ɗana ya shiga makaranta," in ji Adawiyya, ranar da ta zo neman shawara.

Kaltumi ta ce ta je. Wannan kalmar ce ta fi ci mata rai daga baya.

Aka yi mata allurai kwana goma sha biyu, aka ciri ƙwayayen. Cikinta ya kumbura kamar mai wata bakwai, numfashi ya gagara, a kwana na tara ta cika. Dokta Sharif ya zo gaisuwa cikin farar shadda, ya durƙusa gaban Kaltumi.

"Kwana ne ya ƙare, Yaya Kaltumi. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu."

Ta ce, "Allah ya ba da lada."

Bayan sadakar arba'in, tana kwashe kayan marigayiyar, ta tsinci takarda a ƙasan akwati, shafi huɗu da Faransanci, da sa hannun Adawiyya a ƙarshe. Kaltumi tana jin Faransancin kasuwa, amma ba irin wannan ba. Ta kai wa Véronique, tsohuwar ungozoma 'yar kan duwatsu da ta yi ritaya ta kama sayar da wake da gyaɗa a layin bayanta. Shekara goma sha biyar suna cin abincin rana tare.

Véronique ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe, ta sake komawa farko.

"Hajiya, wa ya karanta mata wannan kafin ta sa hannu?"

"Dokta da kansa ya yi mata bayani."

"To, ba abin da ke nan ya gaya mata ba. Babu inda aka ce za a mayar mata da ciki. An ce ƙwayayen, da duk abin da aka haɗa daga gare su, sun zama mallakar wani kamfani a waje. Za su taɓa ƙwayoyin halittar su ga ko gyaran zai kama. A nan ƙasa kuma an ba su izinin yin kwafi."

"Kwafi kamar yaya?"

"Kamar yadda kike kai takarda a buga miki goma. Daga ɗaya su fitar da da yawa iri ɗaya, su yi ta gwaji a kansu. A can ba za a bar su ba, shi ya sa suka zo inda ba a karanta takarda."

Kaltumi ta karɓi takardar ta ninke ta a hankali. "Zan ƙone asibitin," ta ce, kamar mai faɗin farashin yadi.

"Ki ƙone, a ce baƙin ciki ya taɓa miki hankali, a tausaya masa, a gina masa sabo. Kuma ki sani, abin da aka haɗa daga jikin ƙanwarki yana nan a ciki, a wata tukunyar sanyi. Da su za ki ƙone."

Kaltumi ta sa takardar cikin jakarta. Da ta tashi, ta riga ta san ba ginin take so ba. Mutumin take so, da sunansa, da farar shaddarsa, da gaisuwar da ake masa a bakin masallaci.

Ranar Juma'a ta zaɓi turmin atamfa mai tsada ta kai wa Hajjo. Ta zauna ta sha shayi, ta jira ɗan ya shigo, ta ce masa ta rungumi ƙaddara, kuma idan akwai abin da za ta yi don wasu mata su amfana, a shirye take. Ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka. A lokacin yana neman tsayawa takarar majalisa, yana shirin ƙaddamar da gidauniyar yaƙi da sikila a gaban manyan gari, kuma babu shaidar da za ta fi ta yayar marigayiya. Ya roƙe ta ta yi magana a taron. Ya kuma ba ta sunayen matan da ya yi wa aiki, ta gayyato su, tunda ita mace ce kuma ta iya Fulatanci.

Wata biyu ta yi tana bin sunayen. Ta je Bogo ranar kasuwa, ta sami uku. Ta je Maga, ta hau babur ta bi gefen gonakin shinkafa har bakin tafki, inda ta sami Hortense, matar wani masunci mai suna Zacharie, tana tafiya a duƙe tun bayan aikin. Kowace tana jiran ranar da za a kira ta a mayar mata da cikinta. Wata har ta ɗinka kayan jariri. Kaltumi ba ta lallashi kowa ba. Takan zauna ta faɗa musu abin da ke cikin takardar tiryan-tiryan, ta bar su su yi kukansu, sannan ta miƙa hannu ta karɓi tasu. Goma sha huɗu ta tara. Mata tara suka yarda za su zo.

An yi taron da hantsi a wani babban zaure. Limamai a gaba, da fasto Luc na cocin unguwar, da wakilin hukuma, da 'yan rediyo. Dokta Sharif ya yi jawabi mai daɗi, ya ce nan da shekara ashirin babu uwar da za ta ji kukan sikila a arewa. Aka tafa. Sai ya kira Hajiya Kaltumi.

Ta hau da Véronique a bayanta. Ta yi sallama, ta ce ita ba ta yi boko ba, don haka ta zo da mai karanta mata. Véronique ta fara karanta takardar layi-layi da Faransanci, Kaltumi na maimaitawa da Hausa, sannan da Fulatanci. A layi na uku Dokta ya miƙe zai karɓi makirufo, wani tsohon limami ya ɗaga masa hannu.

"Zauna, Dokta. Kai ka kira ta."

Da aka gama, matan tara suka miƙe a inda suke. Zacharie ne ya riƙe Hortense.

Dokta Sharif bai musa ba. Ya ce ba a kai ga magani sai an yi gwaji, kuma waɗanda ke zaginsa yau jikokinsu za su gode masa. Wani mutum daga baya ya tashi ya ce 'yarsa na kwance yanzu haka, in dai akwai hanyar da za a raba zuriyarsa da wannan cuta, shi bai ga laifi ba.

Kaltumi ta dube shi. "Malam, ni na yi jinyar biyu, na san abin da kake ji. A yi wa 'yarka magani, a yi mata kowane iri, ita tana nan, kana nan, za a tambaye ku. Amma wanda ba a haifa ba wa ya tambaye shi? In Dokta ya kuskure a gyaran, kuskuren zai bi jini har tattaɓa-kunne, ba mai iya cire shi. Kuma ba ma gyaran ya kawo shi ba. Iri ya zo ɗiba, kamar yadda ake ɗiban irin shinkafa a Maga. Ƙanwata ta mutu tana zaton uwa za ta zama."

Tsohon limamin ya tambayi Dokta abu ɗaya: abin da ke cikin tukunyar, na waye? Dokta ya ce a takarda na kamfani ne. Zauren ya ɗauki guna-guni. Fasto Luc ya ce shi a saninsa ba a mallakar ɗan Adam, komai ƙanƙantarsa. Wakilin hukuma ya fita waje da waya a kunne, kafin azahar jandarmomi sun rufe asibitin.

Kaltumi ba ta tsaya nan ba. Ita da Véronique suka haɗa matan, suka sami lauya suka kai Dokta Sharif kotu, suka kuma rubuta koke da sa hannun limamai da fastoci aka aika Yawunde, babban birnin ƙasar, suna neman a tsananta doka a kan taɓa irin ɗan Adam da yin kwafinsa. Wasu suka fara kiranta shugaba. Ita dai ta san abin da ke tashinta da asuba ba doka ba ce. Duk ranar zaman kotu takan rufe rumfa, ta zauna a benci na gaba, daidai inda in Dokta ya ɗaga kai sai ya gan ta.

Kotu ta ba da umarni a mayar wa kowa nasa. Aka miƙa wa Shu'aibu wasu 'yan siraran bututu uku, da sunan matarsa a jiki. Ya tsaya riƙe da su bai san yadda zai yi ba. Limamin unguwa ya ce a naɗe su a farin ƙyalle a binne. Kaltumi ta yanko ƙyallen daga rumfarta, Shu'aibu ya kai su kusa da kabarin Adawiyya. Ranar ce ta yi kuka, ita kaɗai, a bayan tulin atamfofi.

Ana saura mako a yanke hukunci Hajjo ta zo gidanta, tana dogara sanda. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa.

"Kaltumi, ni na yi miki wankan jego. Shi kaɗai gare ni. In kika ce kin yafe, lauya ya ce za a sassauta."

"Inna, ki tashi daga ƙasa, ba ki yi mini komai ba."

"To ki yafe masa."

"Wadda za ta yafe tana kabari. Ni 'yar aike ce kawai."

Ta raka ta har ƙofar gida, ta sa aka kai ta a mota. Tun daga ranar rabin unguwa suka daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Aka ce ta cika riƙo. Ba ta musa ba.

Aka ɗaure Dokta Sharif shekara huɗu, aka soke masa izinin aikin likita. Mutanen kamfanin kuwa ba wanda ya ga ko ƙeyarsu. Bayan wata shida ya aiko yana son ganinta. Véronique ta ce kada ta je, amma Kaltumi ta je.

Ya rame, gashin kansa ya fara fari. Suka zauna a inuwar bango, mai gadi na tsaye nesa kaɗan.

"Yaya Kaltumi, ban yi nufin ta mutu ba. Wallahi na yi imani da aikin."

"Na sani."

"To me ya rage? Kin karɓe asibiti, kin karɓe sunana. Uwata ba ta fita ko bikin suna."

"Ka karanta mata takardar?"

Ya sunkuyar da kai.

Kaltumi ta gyara mayafinta. Ta gaya masa cewa makon jiya ta dawo daga Banyo, kwana biyu a mota da babur a kan hanyar da ta kusa karya mata ƙugu. A can ta sami wani makiyayi da matarsa ta rasu bayan ta dawo daga Garwa, shekara guda kafin Adawiyya. Sunanta ba ya cikin waɗanda ya ba ta, amma mijin ya ajiye takardar a cikin jakar maganin shanu. Ta riga ta kai wa lauya.

"Ka san allurar tana kisa, ka sake yi wa ƙanwata," ta ce. "Za a shigar da ƙarar bayan sallah. Ka nemi lauya mai kyau."

Ta miƙe, ta yi wa mai gadi sallama da Fulatanci, ta fita ta tsayar da babur. La'asar ta kusa, kuma akwai masu kayan biki daga Marwa da ta ce su same ta a rumfa.