Ranar da Waƙar Baba Ta Koma Toka

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Umma, maganarta ta ɗauke. Babbar 'yarta, wadda unguwa ke kira Anti Tela, ita ta ɗauko ta daga asibiti, ta gyara mata ɗakin da ke bayan shagon ɗinkinta, yadda ko tana kan keke za ta ji motsinta. Umma tana gane kowa, tana cin abinci da hannun hagu, amma in ta buɗe baki sai iska. Abu ɗaya ne ke fito da muryarta, wata tsohuwar waƙa ta mijinta.

Baba direban bas ne har ya rasu, shekara tara ke nan. Amma a samartaka shi da abokansa uku sun taɓa ɗaukar waƙa guda, wadda ba ta kai su ko'ina ba. Yaran gidan sun taso suna tsokanarsa cewa ganga ce ta rufa masa asiri. Bara wani ya ɗora waƙar a manhajar sauraron waƙoƙi, Anti Tela ta ci karo da ita, ta saka a jerinta. Kullum da hantsi takan kunna ta ajiye wayar a kan filon Umma. Da zarar Baba ya fara, Umma za ta bi shi baiti-baiti, kalmomi tar kamar ba ta taɓa ciwo ba. Waƙa na ƙarewa, bakin ya rufe.

Wata Talata ta danna, waƙa ta ƙi. Sunan yana nan, sai dai ya koma toka-toka, a ƙasa an rubuta cewa ba a samun wannan waƙa yanzu. Ta zaci sabis ne. Ta kashe wayar ta kunna, ta goge manhajar ta sake saukewa, ta gwada a wayar mijinta. Duk sauran waƙoƙin suna tashi, ban da ita. Umma dai ta zuba wa wayar ido har azahar, ta ture abincin da aka kai mata.

Anti Tela ta rubuta wa kamfanin. Bayan kwana biyu suka amsa cikin ladabi cewa ba daga wajensu ba ne, mai waƙar ne ya nemi a cire ta ranar Litinin, suka kuma rubuto sunansa. Cikakken sunan Baba ne. Ta sanar da su mutumin nan ya shekara tara a ƙasa. Suka yi mata ta'aziyya, sannan suka maimaita amsar farko.

Cikin abokan nan huɗu mutum ɗaya ya rage, wanda suke ce wa Kawu, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ranar Asabar ta roƙi maƙwabciyarta ta zauna mata a shago, ta bar wayar a caji kusa da gadon Umma, ta tafi wajensa. Kawu ya ce shi ne ya sa aka ɗora waƙar a shagon kwamfuta da ke gefensa, amma bai cire ba, lambar sirrin ma ta daɗe da ɓace masa. Ya yi dariya ya ce kada ta damu, kaset na asali yana nan, su kamfani su riƙe kayansu.

Ya lalubo shi a ƙasan wata durowa cike da wayoyi da batura, ya juya shi da biro, ya saka a rikoda. Ganga ta shigo, jitar Kawu ta biyo. Aka zo inda Baba ke ɗaukar baitin farko, sai kiɗa kawai ke tafiya. Can sai ga muryar Kawu ta samartaka da ta sauran biyun suna yin amshi, suna amsa wa wanda babu shi. Kawu ya mayar baya, ya canza rikoda, ya sake. Haka dai. A wuraren da Baba ke jan numfashi ma shiru ne.

Kawu ya daɗe yana kallon kaset ɗin a tafin hannunsa. Ya ce watan jiya ma ya saurare shi, lafiya lau.

"'Yata," ya ce, "tafi gida ki duba uwarki."

Wajen ƙarfe huɗu ta iso. Maƙwabciyar ta tarbe ta da cewa ashe Umma ta samu sauƙi, tun ɗazu take jin hirarta, ta ɗauka baƙo aka yi shi ya sa ba ta leƙa ba. Anti Tela ta ajiye jaka ta tsaya a bakin labule. Umma na zaune, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta da hannu ɗaya, ta kara wayar a kunne. Tana magana, ta yi shiru kamar mai saurare, ta yi murmushi, ta ci gaba. Labarin rufin ɗaki da ke yoyo take bayarwa, da auren auta da Baba bai gani ba.

Da ta ga 'yarta sai ta sauke wayar a cinya. Sunan waƙar yana nan da tokarsa, amma layin da ke ƙasa yana tafiya, daƙiƙu na ƙaruwa, babu sauti ko kaɗan.

"Babanku ya ce ya gaji da maimaita abu ɗaya," in ji Umma. Ta miƙo wayar. "Ki gaishe shi mana."

Anti Tela ta karɓa ta kara a kunne. Da farko ba ta ji komai ba sai wani huci kamar na ɗakin da aka buɗe tagoginsa. Sai aka yi gyaran murya, irin wanda yake yi kafin ya yi wa yaro faɗa, aka ce a hankali, "Uwata." Shi kaɗai ke kiranta haka. Ta mayar wa Umma wayar, ta wuce kicin ta tsaya tana wanke kwanonin da ta riga ta wanke.

Likita ya ce akan samu haka, magana takan dawo bayan watanni, ya yaba da kulawar da ake yi mata. Anti Tela ta yi godiya, ba ta gaya masa zancen wayar ba. Ƙannenta da suka zo murna ma ba ta gaya musu ba. Mijinta kaɗai ta gaya wa, shi kuma ya ce a canza waya, ta ce a'a, ta sayi wata ta bar wa Umma tsohuwar.

Umma ta ƙara shekara biyu a duniya, tana magana, tana faɗa, tana gyara wa masu kawo ɗinki zaɓin yadi. Kullum da yamma takan ce a ja mata ƙofa. A tsawon shekarun nan Anti Tela ba ta sake shiga ɗakin kai tsaye ba. Sai ta ƙwanƙwasa, ta jira hirar ta tsaya, sannan ta shiga da tiren shayi.