Taragon da Na Wanke

'Yan unguwa, kun gan ni ranar Asabar ɗin a bakin famfo ina dirzar taragon Papa Pius da soson ƙarfe. Kun ce sannu da aiki, kun wuce. Ko ɗayanku bai tsayar da ni ba, domin shekara ashirin kuna bi ta ƙofar tsohon nan ba ku taɓa duba abin da yake yi ba. Wasan yara kuke ce masa. Ni ma, da duk karatuna da koyarwata a firamare, haka na ɗauka.

Papa Pius maƙwabcinmu ne a bayan tashar jirgi, tsohon mai fenti a reluwe. Da ya yi ritaya sai ya koma ƙera ƙananan taragun kaya da gwangwani, na shanu, na gyaɗa, na katako, ya jera goma sha ɗaya a kan benci. Da ciwo ya kwantar da shi, ni da kullum nake faɗa da unguwa kan shara da kwata, na shiga ɗakinsa da tsintsiya. Na ga wani na sha biyu a gefe ya yi baƙi, duk tsatsa. Na wanke shi har yana ƙyalli, na kai masa ina jiran godiya.

Ya daɗe yana kallonsa. "Tisha, wannan tarago bai taɓa zuwa ko'ina ba," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

'Yarsa Chinyere, wadda ta zo jinya, ta ja ni waje ta gaya mini. Tsatsar nan shi ya sa ta da hannunsa, wata uku yana yi, daga tsohon layin dogo ya kankaro ta. A irin wannan tarago na kwal aka kawo shi Kafanchan daga Inugu yana ɗan shekara shida, a cinyar uwarsa. Nas ɗin da ke duba shi kuma ta ce da wuya ya kai wata Lahadin.

Ban iya ba shi haƙuri da baki ba. Na ɗauki wuƙa na tafi tsohon layin dogon, na kankaro tsatsa cikin murfin kwalba. Litinin na zauna bakin gadonsa na fara shafawa. Kwana biyu bai kula ni ba. Ran Laraba sai na ji muryarsa, wai ina shafa ta kamar bota a burodi. Tsatsa daga kan ƙusa take farawa, ta bi hanyar ruwan sama zuwa ƙasa. Baƙin kwal kuma a bakin ƙofa yake taruwa, inda shebur ke bugu. Sau huɗu ya sa na goge. Ya ce digirina ko riƙe masa gwangwanin fenti ba zai sa a ba ni ba. Chinyere ta yi dariya har ta zubar da kunu. Zagi bai taɓa yi mini daɗi haka ba.

Juma'a da hantsi saura lambar tarago, wadda ya haddace tun yana yaro. Na rubuta da farin fenti, wani huɗu da ke cikinta ya karkace. Na miƙa hannu ga tsumma.

"Bar shi," ya ce. "Na asalin ma a karkace yake. Mai fentin ya sha burkutu."

Ya sa na ɗora masa taragon a ƙirji. Ya shafa gefensa da babban yatsa, ya ɗaga yatsan ya ga ya yi baƙi da ja.

"Yanzu ya iso," ya ce.

Da la'asar, bayan Fada, limamin cocinsu, ya tafi, ya cika. Chinyere na yi masa fifita, ni ina wanke burushi. Na yi kuka, amma numfashin da na riƙe tun Asabar, ranar na sauke shi. Da matan zumuntar coci suka zo, Chinyere ta roƙi masu wanka su bar masa yatsan nan yadda yake.

Taragun suna kan tagar ajina a firamare yanzu, sha biyu, na kwal a ƙarshe. Ƙofa a buɗe take har ƙarfe ɗaya. Ku zo ku sunkuya ku duba, abin da ba ku yi ba yana raye. Wanda ya zo da tsumma ya bar shi a waje.