Jidda Sau Uku

Hajiyarmu sau biyu ta taɓa hawa jirgi, duka biyun zuwa Jidda. Tun daga nan kowane gari a duniya tafiyar awa biyar ne a wurinta. Ni da nake koyar da labarin ƙasa a sakandare, na karantar da 'ya'yan mutane ba iyaka, uwata ce kaɗai ta gagare ni.

Ranar Litinin Baba ya daina cin abinci. Na ce a kira ƙanena Mikail, ɗansa namiji tilo, da ke karatu a Kuala Lumpur, ya zo su gana.

"Kar ki kuskura," in ji Hajiya. "Yaro yana jarrabawa za ki tayar masa da hankali? In abin ya yi tsanani a kira shi. Ba jirgi ba ne? Kafin la'asar yana Ƙofar Na'isa."

"Hajiya, ya fi kilomita dubu goma fa. Kuma ba jirgin da zai kawo shi Kano kai tsaye."

"Ke dai Bahijja kin cika baƙin baki."

Takaici ya ishe ni. Washegari na ɗauko taswira daga makaranta, na shimfiɗa mata a tabarma. Na yanki zare daidai Kano zuwa Jidda, na yanki wani daidai Kano zuwa inda Mikail yake, ya ninka na farkon sau uku.

"Wannan guntun kika sani. Dogon nan shi ne tsakaninki da ɗanki."

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta ce in kwashe mata takarda, za ta tankaɗe gari.

Na kai ƙara wurin Kawu Ashafa, ƙanin Baba. Shi ma ya ce haka suka taso, ba a ba na nesa labarin ciwo sai ya zama dole. Ranar Laraba Mikail ya kira da kansa, Hajiya ta ce masa Baba na hutawa. Ina zaune a gefenta, wayata a hannuna, na yi gum. Wannan shirun nawa har yau yana ci min rai.

Alhamis da hantsi numfashin Baba ya canza. Hajiya da kanta ta ce, "Kira shi."

Bai samu kujera ba sai ta Juma'a, ita ma da canjin jirgi biyu. Baba ya cika Juma'a da safe. Daga filin jirgin wata ƙasa Mikail ya kira yana kuka, yana roƙon a jira shi. Kawu ya ce ba a ajiye gawa. Ana idar da sallar Juma'a aka kai Baba.

Mikail ya iso kafin la'asar ɗin kuwa, amma ta Asabar. Ya ratsa masu zaman makoki a zaure, ya shigo, ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba yana kallon gadon da aka naɗe shimfiɗarsa.

"Yaya, tun yaushe yake kwance?"

Kafin in buɗe baki, Hajiya ta kwance ƙullin bakin mayafinta, ta zaro dogon zaren nan da na ɗauka an share shi da shara. Ta sa masa a tafin hannu.

"Tun Litinin," ta ce. "Yayarka ta nuna min. Ni ce na ƙi dubawa."